Kaset ɗin da Bai Je Makka Ba

Autata tana sayar da turaren wuta da atamfa ta intanet. Kwanan baya na same ta a tsakar gida ta tasa kwamfuta gaba tana cije leɓe, wai tana koyon rubuta wa na'urar umarni, don duk wanda ya tambayi kaya a shafinta na'urar ta ba shi amsa, ita kuma ta huta da maimaita magana ɗaya sau hamsin a yini. Na ce mata ai ni ma na taɓa wannan karatun. Ta dube ni ta yi irin dariyar 'ya'yan yanzu, masu zaton duniya ta fara ne ranar da aka saya musu waya. Ban yi mata bayani ba. Na tashi na shige ɗaki, don abin da ta tono min har gobe in na tuna shi raina ɓaci yake yi.

Shekarar da aka ba Katsina jiha ina koyarwa a wata firamare a Shema, ina kwana Dutsin-Ma a gidanmu na gado. Mahaifinmu ya rasu, gida yana hannun Yaya, babban wanmu. Inna, mahaifiyarmu, tana ɗakinta na kusa da rijiya. Sai Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda duk garin ya sani da fataucin hatsi. Baffa yana da mutane a ƙauyuka masu saya masa gero da dawa da wake suna tarawa, kuma duk ranar kasuwar Kurfi suna haɗuwa a can. Kowane ɗaya sai an rubuta masa wasiƙa: ga irin hatsin da ake so wannan makon, ga ranar da mota za ta zo ƙauyensu. Direban Baffa ne yake tafiya da wasiƙun ya raba musu a kasuwa. Wasiƙa arba'in da 'yan kai, kowane mako. Tunda ni ne na yi boko a gidan, ba a ma tambaye ni ba, aka ɗora min.

Magana ɗaya ce fa. Abin da yake canzawa suna, da ƙauye, da hatsi, da rana. Na taɓa sayo takardar kabon don in riƙa fitar da uku uku, Baffa ya ɗaga guda ya duba, ya jefo min ita.

"Wanda ka ba ta ƙasa ya san shi ne na ƙasa," in ji shi. "Mutanena ba su da na biyu. Kowa a rubuta mashi tashi."

Haka nan nake zama a zaurensa duk jajibirin kasuwa, daga dawowata makaranta har rana ta yi ja, ina rubuta bayan gaisuwa mai yawa, bayan gaisuwa mai yawa, har in fara jin haushin gaisuwar kanta. Wuyan hannuna ya riƙa kumbura. In na shigo gida Inna takan kira ni, ta lakato man kaɗanya ta murza min. Na gode kuwa ban taɓa jin ta daga bakin Baffa ba. A wurinsa rubutu ba aiki ba ne, tunda a zaune ake yin sa.

Ana cikin haka na saba da wani malamin lissafi na sakandare, mutumin kudu, Kirista, yana haya a ɗaya daga gidajen Baffa bayan tasha. Ya yi karatu a ƙasar waje ya dawo da wata 'yar kwamfuta da ba ta fi allon karatu girma ba. Da talabijin ake haɗa ta, sai rubutu ya fito a gilashin. Tana da injin buga takarda mai ƙara kamar ana yage sabon yadi. Wata Asabar na kai masa saƙon Baffa, ya ga hannuna ɗaure da ƙyalle, ya tambaya, na ba shi labari. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Malam, wannan aikin inji ne, ba aikin mutum ba. Ka rubuta sau ɗaya, shi ya maimaita."

Daga ranar duk Asabar bayan azahar ina ɗakinsa. Ya koya min cewa umarnin layi layi ake rubuta shi, kowane layi da lambarsa, goma, ashirin, talatin, ana barin fili a tsakani saboda abin da za ka tuna daga baya. Ka rubuta wasiƙar sau ɗaya, ka bar gurabe huɗu. Ka jera sunaye da ƙauyuka a gefe. Sannan ka ce wa injin: ɗauki na farko ka cike gurabe ka buga, koma ka ɗauki na gaba. Ranar da na fara gwadawa na manta ban gaya masa inda zai tsaya ba, ya kama sunan wani bawan Allah na ƙauyen Wurma ya yi ta buga masa wasiƙa har takarda ta ƙare. Malamin ya ce, "Ka gani? Inji ba shi da wayo. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ko da wauta ce." Na ce to ashe ya fi wasu mutanen da na sani, shi aƙalla yana sauraron abin da aka faɗa masa.

Wasiƙar kanta ba ta ba ni wuya ba. Gaisuwar ce ta ci min wata uku. Baffa ba ya gaida mutanensa da baki ɗaya. Alhaji da tasa, Malam da tasa, surukinsa na Kurfi sai an gaida shi har da mutanen gida da dabbobi, wani tsoho kuma da suka yi fatauci da mahaifinmu sai an sa masa ranka ya daɗe. Duk sai da na koya wa injin: in wannan ne ka ce kaza, in wancan ne ka ƙara kaza. A ranakun mako nakan rubuta layukan a littafin makaranta, in Asabar ta zo in buga, injin ya ƙi, mu zauna mu nemo inda na kuskure. Gyaran duk a kan injin ake yin sa. Littafin nawa ya zama tarin kurakurai kawai, ban taɓa komawa na gyara shi ba, kuma wannan sakacina ne, na yarda.

Injin yana da wani hali: da wuta ta ɗauke ya manta da kai da duk abin da kuka yi. Don haka a kaset ake ajiye aikin, kaset irin na rikoda da kowa ya sani. In ka sa shi a rikoda ka kunna ba magana za ka ji ba, wani irin tsuwa da ƙugi za ka ji, kamar gyare ya shiga injin niƙa. Amma in aka haɗa rikodar da kwamfutar, ita ta san abin da take ji, sai duk layukanka su dawo. Na sayi sabon kaset musamman. Malamin ya nuna min wasu 'yan kunnuwa biyu a ƙeyarsa, ya ce in na gama aiki in karye su, to babu rikodar da za ta yarda ta ɗauki wani abu a kansa.

Sai labari ya zo cewa malamin zai koma garinsu, mahaifinsa ya tsufa. Injin ba zai tafi da shi ba, sayarwa zai yi, kuma wani a birnin Katsina ya riga ya nuna yana so, zai zo ɗauka ranar Litinin. Malamin ya ce ya fi son ya bar shi a hannuna in Baffa zai saya. Na yi ta bin Baffa kamar mai neman aure, har ya ce to, gani ya kori ji, zai zo ranar Asabar ya ga injin ya fitar da wasiƙun makon da idonsa. In ya yi, ya saya. Asabar ɗin da ta gabata na gama komai, muka buga wasiƙa arba'in da 'yan kai kafin shayi ya huce. Na karye kunnuwan kaset, na rubuta KADA A TAƁA da manyan baƙaƙe a jikinsa, na kai ɗakina na ɗora kan akwati. Makon nan ko tafiyata ta canza.

Akwai wata al'ada a gidanmu da ya kamata in faɗa. Muna da babbar 'yar'uwa mace, Adda muke ce mata, aure ya kai ta Makka, shekara tara ba ta zo gida ba. Inna ba ta rubutu, kuma ba ta yarda a rubuta mata ba, tana cewa takarda ba ta da murya. Don haka duk shekara in wani na kusa zai tafi aikin hajji, sai Yaya ya kai rikodarsa ɗakinta, a kori yara, a rufe ƙofa, ta yi wa ɗiyarta magana a kaset, a ba matafiyi. A shekarar wani Alhaji maƙwabcinmu ne zai tafi, motarsu za ta tashi ranar Lahadi da safe. Na san da haka. Ban dai kawo komai a raina ba.

Asabar ta zo, wuta ma ta yi mana kara ba ta ɗauke ba. Baffa ya iso da abokansa biyu, manyan riguna, malamin ya ba su kujeru. Na ɗauko kaset daga aljihu kamar mai fito da takardar gado. Aka haɗa wayoyi, na buga umarnin da zai sa injin ya saurara, na danna rikoda. Na juya ina gaya wa Baffa kada ƙarar ta dame shi.

Sai na ji an yi gyaran murya.

"Salamu alaikum. Ɗiyata, ni ce. Kina lahiya? Ya maigidan naki, ya yara?"

Muryar Inna ce, tar, a ɗakin mutumin kudu, gaban Baffa da baƙinsa. Na kai hannu na kashe. Na juya kaset ɗin na duba. Rubutuna yana nan, KADA A TAƁA. A ƙeyarsa kuwa, inda na karye kunnuwan, an dunƙule takarda an cusa a ramukan biyu, an danne ta tsaf.

Baffa ne ya fara dariya, abokansa suka taya shi.

"Kai, injin naka ya iya gaisuwa hwa! Har muryar matar marigayi yayana ya koya?"

Malamin ya juya kaset ɗin, ya gwada gaba, ya gwada baya. Farkon aikin ya tafi, kuma in farkon ya tafi injin ba ya gane sauran. Na zaro littafina na fara bugawa daga farko, gumi yana ɗiga a kan maɓallan. Duk layin da na buga sai injin ya ce akwai kuskure, kuma gaskiyarsa, kurakuran wata uku ne a littafin. Baffa ya yi haƙurin da ban zata ba, ya zauna har aka kira la'asar. Sannan ya miƙe ya kaɗe riga.

"Biro bai taɓa kunyata ni ba. Ka zo jajibirin kasuwa kamar kullum."

Malamin ya ce in ya dawo daga coci gobe mu zauna mu sake, ko da rabi ne. Na yi masa godiya, amma na san Baffa. Ba ya taya kaya sau biyu.

Ko sallar kirki ban yi ba na nufi gida. Na sami Yaya a ƙofar gida kan tabarma yana yanke farce.

"Yaya, kai ka ɗauki kaset a ɗakina?"

"Ni ne. Yauwa, dama ina nemanka. Na maida shi inda na ɗauka don ka rubuta sunan Adda a bayanshi, Alhaji da sahe za shi tahi."

Wato ma aiki zai ba ni. Na ce masa ko ya san abin da yake ciki. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Na hwa saurara kahin in ɗauka. Gaba da baya na saurara. Ba komi ciki sai ƙugi, kaset ɗin ya lalace."

"Ba ka ga rubutun ba?"

"Na gani. Ai kai komi naka kada a taɓa ne."

"Kunnuwan da na karye fa?"

"Su na cushe da takarda. Mi ya yi wuya?"

Wannan ita ce ta fi ƙona min rai, kuma har yau ita ce. Da a ce kuskure ne, ya ɗauka ya danna, da na haɗiye. Amma rikodar ta ƙi, ta gaya masa a'a, shi kuma ya zauna ya nemo takarda ya yi dabara, yana jin kansa gwani. Mutum ya ga ƙofa a kulle, da rubutu a jiki, ya je ya aro guduma, sannan ya ce ai bai ga kowa a ɗakin ba. Ina gida a ranar. Taku goma ne tsakanin ɗakinsa da nawa. Amma a gidanmu babba ba ya tambayar ƙarami, abin da yake ɗakin ƙane na yayansa ne, kuma abin da Yaya bai gane ba to babu shi a duniya.

Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Mutanen gida suka fito, maƙwabta suka leƙo. Kowa da abin da yake faɗi, kuma duk abu ɗaya ne: a kan kaset? Kaset ɗin da yake cike da kasuwa? Ka yi haƙuri mana, yayanka ne. Babu wanda ya ce wa Yaya ya ba ni haƙuri, ni aka ce in yi. Shi kuwa ya ce in abin ya dame ni gobe ya sayo min guda biyu. Mutum ya zubar maka da nonon da ka wuni kana tatsa, ya ce kada ka damu zai biya ka ƙwarya.

Sai Yaya ya miƙo hannu.

"Kawo nan, tunda ba ka rubutawa. A kai ma Alhaji hakanan."

Na mayar da kaset ɗin aljihu. Na ce kaset ɗina ne, ni na saya, kuma babu inda za shi. Na ce tunda ba komai a ciki lokacin da yake nawa, to yanzu ma ba komai a ciki.

Inna tana tsaye bakin ƙofar ɗakinta, ban san tun yaushe ba. Ta dube ni, ba da faɗa ba.

"A bar mashi abinshi," in ji ta. Ta saki labule.

Yaya ya aika aka sayo sabon kaset kafin magariba, ya kai rikoda ɗakinta. Ta ce a fitar da ita. Ina ji daga ɗakina.

"Na riga na yi maganata, na yi kukana. Ni ba injinku ba ce da za a ce in maimaita. In muna da rai, baɗi."

Na ji maganar ta soke ni, amma zuciya ta riga ta hau. Na ce a raina ai ga sabon kaset nan, ita ta ƙi, ba ni na hana ba. Da safe ina jin motar alhazai tana hon a bakin titi, kaset yana ƙasan akwatina, na juya na fuskanci bango. Ranar Litinin aka zo daga Katsina aka ɗauki injin. Malamin ya bar min littafinsa na koyon umarnin, muka yi sallama a tasha. Jajibirin kasuwa na koma zauren Baffa da birona, bayan gaisuwa mai yawa, kuma haka na ci gaba shekara da shekaru. Na daina shiga wurin Inna a murza min hannu. Ita ma ba ta sake kirana ba, sai dai in tarar da ɗan gwangwanin man kaɗanya a bakin ƙofata.

Baɗin ba ta zo mata ba. Ƙarshen damina zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana shida Allah ya karɓi abarsa.

Sai bayan an share makoki, wata ranar Juma'a da hantsi gida ya yi shiru, na ari rikodar wani abokina, don ta Yaya ba zan taɓa ba, na sa kaset ɗin. Ta gaida Adda, ta gaida mijinta da yara ɗaya bayan ɗaya. Ta ba ta labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, da akuyarta da ta yi tagwaye, da ƙafarta da take ciwo in an yi ruwa. Ta yi kuka, ana jin zakara yana cara a bayan ɗaki. Sannan ta ce:

"Ƙanenki malamin makaranta, Baffanku ya kashe mashi hannu da rubutu, ba mai ce mashi sannu. Yanzu wai wani inji yake koyo wurin wani baƙo, wanda za shi hutar da shi. Ni ban san kanshi ba, amma na ga yaron yana murna. Asabar za a gwada. In kin je Ka'aba ki roƙa mashi Allah shi sa abin shi yi."

Ta yi sallama, aka ji ƙarar maɓalli. Daga nan sai tsuwa da ƙugi suka ci gaba, wutsiyar aikina da maganarta ba ta kai ta shafe ba. Na bar shi yana yi har kaset ya ƙare.

Da alhazan shekara ta gaba na aika shi, na rubuta sunan Adda a bayansa kamar yadda aka ce in yi tun farko. Da suka dawo, wanda ya kai ya same ni a zauren Baffa ina rubutu. Ya ce Adda ta karɓa, ta shiga ɗaki da shi ta daɗe. Ta ce a gaya min ta yi addu'ar da Inna ta ce ta yi. Na tambaye shi ko ta ce wani abu bayan wannan. Ya ce a'a.

Yaya ya shafe min aikin wata uku, har ya koma ga Allah bai ba ni haƙuri ba, kuma ba zan yi ƙarya ba, har yau ina jin haushinsa. Sai dai shi lokacin da ya sa hannu a kaset ɗin bai san abin da yake ciki ba. Ni na sani.